Bokitin Auta

Auta ne na ƙarshe a 'ya'yana, kuma rabin furfurar da ke kaina aikinsa ne. Tun yana yaro ba a wanke wandonsa sai an zazzage aljihu: yau kwaɗo, gobe ƙadangare da ransa. Ubansa, Allah ya jiƙansa, likita ya so ya zama. Sai ga shi mai faci a bakin titi, yana zare ƙusa daga tayoyin mutane. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace, aka sa mata sunana, muke ce mata Takwara. Na ce to yanzu zai yi hankali. Ina!

Waya ce ta ƙarasa lalata shi. Ya samo wani shafi a intanet inda masu son halittu ke rubuta bayani don 'yan makaranta. Ya rubuta na gizo-gizo, ya rubuta na bushiya, aka karɓa, ya dinga nuna wa masu kawo faci har suna mantawa da tayarsu. Amma shafin nan akwai doka. Suna a sama, hoto a ƙasansa, sai inda abin yake zama, me yake ci, yana cutarwa ko ba ya yi. Hoton kuma kai za ka ɗauka da hannunka. In maciji ne, sai an ga kansa tas, ta sama da ta gefe. Wata malama ce mai dubawa, bai taɓa ganin fuskarta ba, amma yana tsoronta fiye da ni.

Wata rana ya tsinci maciji a cikin tsohuwar taya, ɗan ƙarami, mai ruwan ƙasa da zane a baya. Ya shigo da shi gida a bokitin fenti.

Na ce, “Auta, uban me ye wannan?”

“Inna, mai shan ƙwai ne. Haƙorinsa ma bai kai naki ba.”

“Ni da ba ni da ko ɗaya, ja'iri?”

“To kin gani.”

Ya rubuta shafinsa, ya sa “ba ya cutarwa”, ya tura. Malama ta dawo masa da shi: kan bai fito ba. Ya sake, ta sake dawowa da shi. Ya yi ta mita, wai matar nan ta raina aikinsa. Maimakon ya saki macijin, sai ya ajiye bokitin a bayan ƙofar falo, ya ɗora kwali a kai, har sai ya samu hoton da zai rufe mata baki. Wata safiya haske ya yi masa kyau, ya ɗauka, ya tura, ya bar wayar a caji ya tafi aiki. Matarsa ta fita kasuwa. Saura ni da Takwara, tana rarrafe a tabarma.

Wayar ta yi ta kuka kamar za ta fashe. Na lallaɓa na ɗauka.

“Ina mai hoton macijin?” Muryar mace ce, numfashinta sama-sama.

“Ya fita. Uwarsa ce. Ke ce mai hana shi barci?”

“Mama, ki saurare ni. Yanzu na ga kan. Wannan ba mai shan ƙwai ba ne, kamarsu ce ɗaya. Kububuwa ce. Ya sake ta?”

Na juya na dubi bayan ƙofa. Kwalin yana ƙasa. Bokitin ya kwanta a gefensa, bakinsa a buɗe yana kallona.

Ban san lokacin da na ce mata akwai yarinya a ɗakin ba. Ta ce, “Kar ki yi gudu. Kar ki ja kujera. Dubi inda za ki sa ƙafa, ki ɗauke ta, ki fita, ki rufe ƙofa.”

Sannan na ji shi. Wani sauti siriri, kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Daga ƙarƙashin kujerar da Takwara ta nufa yake fitowa. Ita kuwa dariya take, ta miƙa hannu, ta ɗauka abin wasa ne.

Gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya, tashi ma sai da bango. Na ja ƙafa, na ja ɗayar. Na kira ta a hankali, ta waiwayo, ta sake juyawa. Na ga wutsiyar, na ga jikin ya naɗe yana gogar kansa. Na sunkuya na cafki bayan rigarta na fizgo. Wani abu ya wulga ya bugi tabarma daidai inda hannunta ya bari.

A waje na tuɓe ta tsirara, na duba yatsa bayan yatsa, har tsakanin cinya. Babu huda. Sai a lokacin na fara ihu.

Maƙwabta suka kira Auta, ya zo a guje, hannu duk baƙin taya. Da na faɗa masa, zama ya yi a ƙasa. Zagin da na tanada masa ma ban samu yi ba, don fuskarsa ta riga ni. Malama ta turo masu kama macizai, suka tafi da kububuwar.

Shafin yana nan, an ce. An sa jan rubutu a samansa, da hotunan kan kububuwa da na mai shan ƙwai gefe da gefe. Auta yana faci, yana rubutunsa, bai ƙara yi wa malama mita ba. Ni ma na kafa tawa dokar: ko tururuwa ce, a waje za a yi mata hoto.

Takwara ta fara magana yanzu. Ba ta iya cewa Kaka ba tukuna. Amma in ta ga ƙarƙashin kujera, sai ta goga tafukanta, ta ce “sssss”, ta dube ni tana dariya. Ni kuwa sai na ɗage ƙafafuna.