Sifana Uku da Yumɓun Inna

Wata Laraba a ƙarshen kakar auduga, saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu, na tsuguna a gindin wata babbar mota a bakin kasuwar Wurno da kwanon dafaffiyar gyaɗa a gefena. Shekarar ce na yi famfara, ke nan ban wuce bakwai ba. A ƙarƙashin gyaɗar na ɓoye curi uku na ɗanyen yumɓu, naɗe da ganyen tumfafiya. Direban motar mutum ne mai baƙin rai, da tsumagiya yake yawo, ba ya barin babba ya raɓi motarsa, amma ba ya kula 'yan talla. Da ya ba da baya ya tafi cin tuwo, sai na rarrafa na danna curi ɗaya a kan notin taya, biyu kuma a kan waɗansu ƙanana da ke ƙarƙashin bodi, daidai inda yayana Ummaru ya nuna mini da baki daga nesa. Na zaro su a hankali, kowanne da ramin noti a cikinsa, kusurwa shida ras. Har muka isa gida a ƙauyenmu Magarya ban sayar da gyaɗar ko anini ba, kuma ranar babu wanda ya yi mini faɗa.

Gidanmu gidan ƙira ne. Maƙerar Baba tana zaure, mu yara muka tashi da ƙarar masaba a kunne, mu ne ɗebo gawayi, mu ne kai fartanya gidan mai ita, in an sarara mu zube a gindin rumbu muna 'yar carafke da tsakuwa. A cikin gida kuwa Inna ce da ginin tukwanenta. Daga fadama take sa a ɗauko mata yumɓu, ta jiƙa, ta tattake, ta rufe da tsumma, kuma wanda ya taɓa mata shi ranar sai ya gane kurensa. Sana'a biyu a gida ɗaya, amma ban taɓa ganin Baba ya tsaya ya dubi yadda ake ɗaga wuyan tulu ba. A wurinsa wannan wasan ƙasa ne na mata.

Yaya Ummaru shi ne babba, hannunsa ya faɗa a ƙira tun yana ƙarami, amma zuciyarsa tana kan mota. Da daminar shekarar wata mota ta karya sifirin a hanyar Rabah, aka rasa yadda za a yi, shi ya kwashi zugazugi da gawayi ya je ya haɗa ƙarfen a bakin hanya har ta tashi. Direbanta ya ji daɗi, ya yi masa hanya a wani garejin kamfani a Sakkwato. Ya ce mutum ɗaya za a ɗauka a koya masa kanikanci, Baturen wurin ne zai gwada masu nema da kansa, kuma ba a sauraron wanda ya zo hannu rabbana. Ya lissafa masa abin da zai riƙo: sifana babba da ƙanana, guduma, filaya, sukundireba. Ya sa masa rana, ya tafi.

Nan aka shiga zaɓen kaya, kwana da kwanaki ana abu ɗaya a zaure. Guduma ba matsala, muna da su har da na banza. A madadin filaya aka ware ƙaramin awartaki, sukundireba kuma Baba ya buge shi kafin hantsi. Sifana ce ta tsaya. Yaya ya ce a kantin Sakkwato ana sayar da su, akuyarsa ɗaya ta isa. Baba ya ajiye masaba ya dube shi.

"Ɗan maƙeri shi sai ƙarhe ga kanti? Mi mutane ka cewa?"

Shi ke nan magana ta mutu. Baba ya ce a samo masa awon noti kawai, sauran aikinsa ne. Shi ya kawo dabarar yumɓu, shi ya ce in ɗebo a na Inna ba tare da ta sani ba, wai zance in ya shiga cikin gida ya fita gari, ga shi maƙeran Rabah su ma suna da ɗa mai neman wurin. Da na kawo curin uku sai ya ɗora su a kan katangar bayan maƙera inda akuya ba ta kaiwa, ya tafi Goronyo neman tsohon ƙarfen mota. Kwana uku ya yi, su kuma suna nan suna shan rana har suka bushe ƙarau.

Ba zan rage wa Baba komai ba, sifanun sun yi kyau. Da tsinke ya auna ramin kowane curi, ya buga, ya goge, ya tsoma a mai, suka fito baƙaƙe sumul. Maƙwabta suka riƙa zuwa suna juya su a hannu suna sa albarka. Motar auduga ta riga ta yi zuwanta na ƙarshe, babu inda za a gwada su, kuma babu wanda ya ga dalilin gwaji. Ranar tafiya, Yaya yana ɗaure kayan a jakar fata, sai ya miƙa hannu zai ɗauki magagari, wato ƙarfen da ake goge ƙarfe da shi. Guda ɗaya ne mai kyau a gidan. Baba ya taka shi da ƙafa.

"Aikin da yah hito hannuna ba shi biɗar gyara."

Yaya ya janye hannu, ya yi sallama, ya kama hanya a ƙasa.

Kwana biyar ya dawo, ƙafa duk ta kumbura. Bai shiga cikin gida ba, a zaure ya zazzage jakar a gaban Baba. Ya ce su huɗu aka jera, Bature ya nuna taya ya ce kowa ya kwance noti ɗaya. Da aka zo kansa, sifana ta ƙi shiga. Ya gwada ta biyu a ƙaramin noti, ita ma ta ƙi, haka ta uku. Abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Ya ce da magagari yana hannunsa, kafin a sha ruwa ya buɗe bakinsu. Ya roƙi aro a wurin ma'aikatan, suna ta dariya, wani yana cewa a ba shi fartanya ya gwada. Bature ya dubi agogo, ya ɗaga hannu, aka kira na gaba. Wani yaro ɗan birni da sifanar kanti, wanda ko riƙon guduma bai iya ba, shi aka ɗauka.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Baba ya waiga, ni ya hango. Ya ce ni ce na danna yumɓun a karkace, na matse shi da yatsa garin tsoro. Ya ciro igiyar jaki ya yi mini dukan da har yau in na tuna sai bayana ya yi zafi. Kukana ne ya fito da Inna har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. A nan ta fara jin labarin yumɓu. Ta ce a miƙo mata curin, ta juya shi a tafinta.

"Malam, yumɓu tsukewa shikai in ya sha rana," in ji ta. "Shi as sa muka gina tukunya ta hi yadda muka son ta. Da kun tambaye ni da na hwaɗa muku. Ga ni nan bayan zana."

 Baba ya koma kan agalaminsa, fatar da yake zama a kai, ya ce a hura wuta. Bai ba ni haƙuri ba, bai ba Yaya ba, har ƙasa ta rufe idonsa bai sake ta da zancen ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma a gidanmu taku goma ne tsakanin mai tambaya da mai amsa, aka rasa mai takawa. Na daɗe ina jin haushin Baturen nan da agogonsa, da ma'aikatan da suka hana aro. Da na girma sai na ga su baƙi ne, ba su san Ummaru ba. Wanda ya san shi ne ya aika shi haka.

Yaya bai sake neman aikin mota ba. Direban da ya yi masa hanya ya ji kunya, ya daina tsayawa a garinmu. Yaya kuwa ya zauna ya gaji maƙera, ya yi shekara arba'in yana ƙera fartanya da lauje da kwasar shuka albasa, ba ya wasa, ba ya yawan magana. Lokacin da aka zo gina madatsar ruwan Goronyo ya riga ya manyanta, amma sai ya riƙa tafiya can ya zauna a kan tudu yana kallon makanikai suna kwance manyan injuna. Jikansa ya gaya mini in mota ta wuce yakan karkata kunne ya ce wannan ga abin da ke damunta, kuma sau da yawa haka ne.

Yanzu daga Wurno zuwa Rabah babu gindin bishiyar da ba ka ganin gareji, sifana kuwa a kan tabarma ake baza ta a kasuwa kamar tattasai, yara suna wurgi da ita. Duk sanda na wuce nakan tsaya in duba hannuwansu, ban ga wanda ya kai na yayana ba. Ya rasu da damina, ana jiran fartanyar mutane a maƙerarsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa kwance noti ko ɗaya ba.