Yadda Sunayen Mutanen Dingaya Suka Riƙa Ɓacewa

Shekara shida ina riƙe da rajistar ƙungiyar manomanmu a Gwaram. Aikina in shigar da sunan duk wanda zai karɓi irin gero da dawa kafin ruwa ya sauka. Fayil ɗin yana kan babbar kwamfutar ofishinmu na Birnin Kudu, ni kuma ina buɗe shi daga Gwaram ta netwok.

Wata shekara sunaye suka fara ɓacewa. In shigar da mutanen ƙauyen Sara da safe, in bi da na Dingaya da hantsi, in adana. Washegari na Sara suna nan, na Dingaya babu. Wani dattijo daga Dingaya ya hawo babur har ofishina na Gwaram, ya ƙi zama.

“Malam, me muka yi maka? Ko kakanmu ne ya ci gonar kakanka?”

Na ce, “Baba, wallahi na rubuta ku.”

“To, aljani ne ya lashe?”

Shugaban ƙungiya ya ce idan ranar rabon iri ta zo babu sunayen, wani zai karɓi rajistar daga hannuna.

Na shiga mota na tafi Birnin Kudu wajen injiniyan da ke kula da kwamfutocinmu. Ya ce matsalar tana cikin kanel, wato zuciyar manhajar, a ɓangaren da ke kai fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Masu gyaran suna warwatse a ƙasashe, ta imel ake samunsu, kuma ya riga ya rubuta musu.

Na ce ya karanta mini abin da ya rubuta. Layi ɗaya ne: fayil yana ɓata.

“Injiniya, ko asibiti ka je ka ce ba ka da lafiya kawai, ai korar ka za a yi.”

Da muka duba imel ɗinsa, ashe sun amsa masa tun sati biyu da suka wuce, suna neman ya faɗi matakan da ke jawo abin ɗaya bayan ɗaya. Bai buɗe ba.

Ban wuce sakandare ba, amma ina da littafi, kuma duk abin da na yi a ofis yana ciki da lokacinsa. Muka bi shafi shafi. Duk ranar da sunaye suka ɓace, da hantsi ne, daidai lokacin da ake ɗauke wuta a Birnin Kudu a tada janareta. Babbar kwamfutar ta mutu ta farfaɗo, tawa ta ce an adana, alhali babu abin da ya isa can. Ni kuma kullum Sara nake fara yi sannan Dingaya, ban taɓa sauyawa ba. Tsarina ne ya riƙa kai su bakin ramin.

Na yi masa shiftar matakan, na ɗaya, na biyu, har na biyar, ya juya da Turanci ya tura. Gyara ya fito, ya saka. Sunayen suka tsaya kwana huɗu, suka sake tafiya.

Na koma. Ashe gyaran guda uku ne a jere, na ukun yana gyara kuskuren na farkon. Shi na farkon kaɗai ya ɗauka.

“Haba Malam, ai duk ɗaya ne.”

“Da ɗaya ne da ba su sa musu lamba ba.”

Na ja layi a littafina, kowane gyara da lambarsa da ranar da aka saka shi. Bayan ya saka na ukun, na sa shi ya kashe babbar kwamfutar da gangan ina cikin adanawa, sau uku. Sunayen ba su motsa ba.

Ranar rabo mutanen Dingaya suka karɓi irinsu, rajistar kuma ta zauna a hannuna. Dattijon nan ya ɗaure buhunsa a bayan babur, ya dawo ya kama hannuna.

“Malam, tunda ka ji tsoron Allah ka mayar da mu, mun yafe maka.”

Na buɗe littafin zan nuna masa, ya riga ya tada babur.