Injin Sanyin da Muka Ciro Daga Motar Kawu

Shekarun baya masu nisa, dab da karɓar mulkin kai, lokacin da Turawa suka fara haɗa kayansu suna sayar da abin da ba za su iya tafiya da shi ba, kawuna ya sayi mota a hannun wani Bature. Doguwa ce, baƙa, 'yar Amurka, kuma tana da abin da ban taɓa gani a Sakkwato ba: injin sanyi, wanda yau kuke ce wa esi. Rabinsa yana cikin but, rabinsa a gaba kusa da lagireto. Ni aka ba tuƙinta. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon mota. Aikin nan shi ne abincin gidanmu, kuma shi ne ɗan mutuncin da nake da shi a Ƙofar Atiku.

Kawu fataucin shanu yake yi, kuma a sana'ar nan wanda ya riga jin labari shi ke cin kasuwa. In ka san Bafulatani kaza yana son rage garkensa kafin bazara ta yi tsanani, sai ka riga kowa isa rugarsa. Da can a ƙuryar zaure ake irin wannan zance, da raɗa. Da mota ta zo, sai Kawu ya mayar da kujerar baya zaurensa. Mutum ne mai jiki, zafi yana ba shi wuya ƙwarai, har ƙuraje suke feso masa a wuya, don haka ya so sanyin nan kamar me. A ɗaga gilashi, mota ta yi tsit, shi da dillalinsa su zazzage sirrinsu. Ni kuwa ina gaba, ko gyaran muryarsu ba ya wuce kunnena.

Da yamma in na ajiye mota, sai in nufi Ƙofar Taramniya wurin abokina mahauci. Ya yanko mini balangu mai zafi, ni kuma in biya shi da labarin mota da na manyan da ke shigarta. Yayansa yana dillancin shanu a kara, abin da kowa ya sani, amma ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai al'amura suka fara lalacewa. Muka je wata ruga wajen Wamakko, aka ce jiya wasu suka zo suka kwashe bijiman. Muka je wata, haka. A karo na uku ma sawun shanun muka tarar, ko kashinsu bai bushe ba. Kawu ya daina yi mini wasa. In na ɗaga ido a madubi, sai in ga shi ma ni yake kallo. Dillalin kuma ya fara yi mini wata irin gaisuwa ta ciki-ciki.

Ni ma sai na shiga zargi, kuma ban bar kowa ba. Na zargi dillalin, don idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na zargi mai gadin gida. Har mai zuba mana fetur na fara yi wa kallon ƙasa-ƙasa. Duk wannan binciken nawa a gaban tukubar abokina nake baje shi, shi kuma yana girgiza kai yana cewa, "Mutane ba tsoron Allah. To gobe ina za ku?" Sai in gaya masa.

Wata safiya mahaifiyata ta tsare ni a tsakar gida. Ta ce, "Yaya ya zo nan jiya, ko ruwa bai sha ba. Kai dai hwaɗa min gaskiya, kana kai zancen mota wani wuri?"

Na ce, "Wallahi Inna, ban hwaɗa ma kowa komi ba." Kuma da zuciya ɗaya na rantse, domin a lissafina abokina ba ya cikin kowa. Amma na san in aka sallame ni da sunan mai tona asiri, na gama yawo a garin nan.

Bayan kwana biyu Kawu ya kira ni, ga dillalin a tsaye yana jiran ya ga an kore ni. Kawu ya daki bayan motar da tafin hannu ya ce, "Na gano ɓarawon. Wanga inji na Nasara kunne na. Ka taɓa ganin Nasara ya bar ma mutum abu mai daɗi a banza? Tahi ka hidda min shi, ko waya guda kar ka bari."

Dillalin ya buɗe baki, Kawu ya dube shi, ya mayar ya rufe. Ni ko na karɓi maganar hannu bibbiyu. A lokacin rediyo ma mamaki yake ba mu, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa Turawa ba za su tafi ba sai sun bar abin da zai riƙa jiyo musu zancenmu.

Kwana biyu muka yi a kai, ni da wani tsohon bakanike a ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya. Tun kafin ya ɗauki sifana ya yi ta roƙona. Ya ce, "Ba wani kunne ciki, hwanka ta da bututu. In munka hidda shi, ba mai iya maida shi garin ga." Na ce ya yi aikinsa kawai, shi ma na fara zargin ko da shi aka haɗa baki. Da ya sassauta bututun farko, wata iska fara ta feso da huci, na yi tsalle har na buge ƙeya da murfin but. Muka cire bel, muka sauke injin gaba, muka zaro bututan ƙarƙashi ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe na sami wani ɗan ƙaramin akwatin ƙarfe mai wayoyi biyu, na ce to ga kunnen. Na kai wa Kawu ina ta hura hanci. Ya jujjuya shi, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Madalla." Ya jefa shi aljihu.

Daga ranar sai tafiya gilashi a sauke. Iska tana bugu, gargadar hanya tana ƙara, Kawu yakan kai bakinsa kunnen dillali kafin ya yi magana, kuma ba a gaya mini inda za mu sai mun fita gari. Ban ƙara jin komai ba. Asiri ya daina fita, ni kuma na shiga gari ina bugun ƙirji cewa ni na kama munafukin. Balangun abokina ya fara ƙanƙancewa, na ɗauka rowa ce ta kama shi.

Shekaru da yawa bayan haka Kawu ya rasu. Da aka watse daga zaman makoki, mahaifiyata ta miƙo mini wani ƙulli a tsumma. Na kwance, sai ga ɗan akwatin nan mai wayoyi biyu.

Ta ce, "Ya ce in ba ka in ya riga ka tahiya. Tun ranar da ya zo wurina ya san bakinka na. Dillali ya so a kore ka, shi ko yac ce in ya kore ka, ba mai sake ba ka amanar ko akuya garin ga. Gara shi sha zahi."

Abin da ya dawo mini shi ne fuskar Kawu a madubi cikin bazara, gumi yana bin wuyansa yana jiƙa riga, yana fifita da gefen rawani, shekara da shekaru, bai taɓa ce mini uffan ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma babu wanda zan ba haƙuri.

Na zargi mutum huɗu da inji ɗaya, ban taɓa tsayawa na tambayi bakina ba. Tun daga nan in abu ya ɓaci, da kaina nake fara bincike. Yau in na shiga motar 'ya'yana suka kunna esi, nakan ce su kashe, in sauke gilashi. Suna cewa sanyin ƙashi ne na tsufa, ni kuma ina barin su a haka. Ban iya zama cikin sanyin da Kawu ya bari saboda ni.