Jan Allin Ɗanmaliki

Duk wanda ya sauka a tashar Karaye a shekarun tamanin ya san teburin Ɗanmaliki mai shayi. Ba don daɗin shayin ba, gaskiya, don wata rana ruwa ya fi madara yawa. Abin da ke jan mutane shi ne wani baƙin allo irin na firamare da ya jingine a jikin darbejiya, inda yake rubuta sakamakon ƙwallo.

Shi kansa bai taɓa taka leda ba. Gajere ne mai tumbi, in ya je famfo ya dawo sai ya zauna ya huta. Aji huɗu ya yi ubansa ya mai da shi gona, gona ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta, ya dawo tasha ya ɗora buta. Amma rubutunsa kyakkyawa ne, kuma yana da ƙa'ida. In ƙungiyar Karaye ta ci ɗaya, sai ya rubuta "da ƙyar" a ƙasan sakamakon. Biyu ko uku, "sun ji jiki". In Karaye aka ci kuwa, ranar alli yakan ɓace, a neme shi a rasa. Amma in ci ya kai huɗu, sai ya zaro jan alli daga aljihu, ya gyara tsayuwa, ya zana kalmar Turanci guda da manyan baƙaƙe: MASSACRE.

A tsohuwar jaridar da yake naɗe burodi ya tsince ta. Ya tambayi Lurwanu, akawun sakatariya da ke karyawa a wurinsa, shi kuma ya ce, "Kisan kiyashi ke nan. Turawa ma in an lallasa ƙungiya haka suke cewa." Shi ke nan Ɗanmaliki ya samu abin yi. Kafin a ankara kalmar ta cika gari, ana ce mata masaka. Samari na masaka, 'yan kasuwa na masaka, har matarsa Baraka in yara sun share tukunyar tuwo sai ta ce sun yi mata masaka. Shi ma aka laƙaba masa Mai Masaka, kuma yana jin daɗin sunan ƙwarai, in an kira shi da shi har wani ɗaga kai yake yi.

A duk masu zama benci babu wanda yake ƙauna kamar Jibo, direban bas ɗan Rogo, mai jigila zuwa Kano. Tun suna samari suke tsokanar juna. Jibo kan ce shayin Karaye wankin kofi ne, Ɗanmaliki ya ce motar Rogo sai da turi. Kullum in ya tsaya lodi sai ya zauna sun sha hira. Sai dai duk ranar da jan alli ya hau allo, Jibo ba ya zuwa. Yakan zauna cikin mota har ta cika, ya ja ya wuce.

Ɗanmaliki ya ɗauka zafin kayen ƙungiyar Rogo ne, ya riƙa aika masa da yasasshiyar magana ta bakin fasinjoji. Shekaru aka yi a haka, har ranar da Baraka ta ce masa, "Malam, wai jiya ba 'yan Kiru kuka ci ba?"

"Su ne. Biyar ba ko ɗaya."

"To me ya haɗa Jibo da Kiru da ya ƙi zuwa? Ni dai ina ganin ba Rogo ce ke damunsa ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya haɗa shayi mai kauri, ya ɗauka da kansa ya kai har bakin mota. Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da gajiya, ya ce, "Jibo, don Allah me na yi maka?"

Jibo ya daɗe yana jujjuya kofin. Sannan ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Ka tuna rikicin da aka yi a birni ƙarshen shekarar tamanin? Ina Kano ya rutsa da ni. Da ƙura ta lafa aka tare motata, aka sa ni ɗibar gawawwaki. Ban ƙirga sawu ba, ba na kuma son in ƙirga. Bayan nan wani ya nuna mini jarida, ga hoton motata, ga wannan kalmar taka a samansa. Ni ban iya Turanci ba, amma ita ko daga nesa na gane ta. In na gan ta, abinci ba ya shiga."

"Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"In ce me? Yara na murnarsu, kai kana neman abincinka. Ka ci gaba da abinka, gobe ai zan zo."

Ɗanmaliki ya koma teburinsa. Kunya ta kama shi, ga kuma tsoro, don ya san rabin masu cika masa benci jan allin nan suke zuwa gani.

Ba a jima ba aka yi wasan da har yau tsofaffin Karaye ke labari: Karaye bakwai, Rogo ba ko ɗaya. Da safe tasha ta cika maƙil. Samari suka zo da sabon jan alli, suna ta ihu, "Baba Mai Masaka, a rubuta! Yau babba za a yi!" Can gefe kuwa bas ɗin Jibo ta shigo ta tsaya, ya kashe inji, bai fito ba.

Ɗanmaliki ya karɓi allin. Ya rubuta sakamakon, ya gyara tsayuwa kamar yadda ya saba. Sai ya zana da manyan baƙaƙe: JIBO, SANNU DA HAƘURI.

Wasu suka yi tsaki suka watse, har wani na cewa tsufa ya kama Baba. Sauran suka kwashe da dariya, suka juya wajen bas suna ta yi wa Jibo jaje. Ya leƙo ta taga, aka karanta masa. Ya buɗe ƙofa ya sauko, ya ratsa taron yana kaɗa kai, ya zo ya zauna a benci yana fuskantar allon sosai.

"Kai, gajere," ya ce, "duk Rogo ni ka ga dama? Zuba mini wankin kofin nan naka, ka ƙara burodi. Yau yunwa nake ji."