Ƙarfen Kasno Bai Tsinke Ba

Ngatijo yana da shekara hamsin da shida, matarsa ta rasu, kuma a watan jiya ya yi ritaya daga wani ɗakin gwajin ƙarfe da ke bayan garin Gresik. 'Yarsa tilo, Retno, tana aure a Balikpapan, can ƙetaren teku. Ta gyara masa ɗaki tun kafin azumi. Har yau bai tafi ba.

Abin da ya riƙe shi ɗan guntun ƙarfe ne da bai fi yatsa tsawo ba. An yanko shi daga bututu irin wanda ke ɗaukar tururi a wata tashar wutar lantarki ta bakin teku, daidai wurin da aka haɗa bututu biyu da walda. Ƙarfen da ya daɗe cikin zafi da nauyi yakan riƙa miƙewa a hankali, ido ba ya gani, har ranar da zai tsage. A nan ana kiran wannan mulur, kalmar da ake faɗa wa roba idan ta saki, da taro idan ya ƙi ƙarewa. Tashar tana so ta san shekara nawa waldarta za ta jure kafin a yanke a sake, don tururi idan ya fasa bututu ba ya barin na kusa da shi. Hanyar sani ɗaya ce: a sa guntun a tanda mai zafin da ya kai na tururin, a rataya masa nauyi, a zauna jira.

Jiran shi ne aikin Ngatijo. Yakan duba zafin tandunan, ya duba wayoyi, idan an ɗauke wuta ya tayar da janareta kafin ƙarfen ya huce. Ɗakin ba taga, ba mai shiga sai da dalili. Da sallah, lokacin da garin ke watsewa kowa ya nufi ƙauyensu, shi ake bari, don shi ne mai gida kusa. Matarsa Sriatun takan hau bas ita kaɗai zuwa Ngawi, ta dawo masa da gaisuwar dangi da soyayyen waken suya a leda. Bayan rasuwarta ya saki gidan, ya kama ɗaki guda a layin da ke bayan katangar wurin aikin.

Wanda ya yi waldar shi ne abokinsa Kasno, mutum mai baki, wanda ba ya wuce ɗinkin wani mai walda bai kushe ba. Shi ya kawo bututun da kansa a bayan mota, ya tsaya har aka rataya guntaye huɗu, kowanne da nauyinsa. Ya zagaya tandunan, ya ce ashe akwai mutanen da ake biya su yi gadin abin da ba ya motsi. Ngatijo ya ce gara shi, bai ƙone girarsa ba.

"Ka saurara, Jo," in ji Kasno. "Ɗinkina ba zai tsinke ba. Gefensa ne zai tsinke, inda zafi ya lashi bututun. Duk wanda ya faɗi, ka kira ni ka ce Mas Kasno, ka yi gaskiya. Da Mas ɗin, girman yaya ne, kar ka cinye shi."

Masu nauyi da yawa su suka fara faɗuwa. Na farko bai kai shekara ba, na biyu ya ɗan daɗe. Duka a gefen ɗinkin suka tsinke, kuma duka biyun Ngatijo ya kira, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, Kasno ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Na uku ya faɗi bayan tarin ya kai Kasno ƙasa. Shi ma a gefe ya tsinke. Ngatijo ya ɗauki ɓaraguzan biyu da tsumma a hannu, ya juya su, ya rasa wanda zai kira. Ran Alhamis ya hau babur zuwa maƙabartar Lamongan ya faɗa a can.

Na huɗu shi ne mai nauyi kaɗan, wanda ya fi kama da halin da bututun tashar ke ciki. Ya haura shekara goma a rataye. Injiniyoyin da suka tsara gwajin an yi musu canji, wasu sun bar aikin. Shugabar ɗakin ta yanzu, Bu Ratih, tana makaranta lokacin da aka kunna tandar. Mace ce mai kirki. Da ritayarsa ta matso ta nuna masa cewa na'ura na lura da komai: da zarar nauyin ya faɗi agogo zai tsaya, saƙo ya shigo wayarta, ta yi alkawarin za ta sanar da shi ko yana ina. Ngatijo ya ce ya sani. Ya ce abu ɗaya yake roƙo.

A ƙarƙashin nauyin akwai shimfiɗar roba, don kar ya fasa daɓe in ya faɗo. Ya roƙi a bar shi ya ɗora tiren ƙarfe a kai, don a ji ƙara in ya faɗo. Bu Ratih ta duba, ta ga tiren bai taɓa komai na gwajin ba, ta ce ya sa.

Tiren na Yu Darmi ne, mai sayar da kofi da shinkafa a ganyen ayaba, wadda rumfarta ke jingine da katangar ɗakin gwajin ta waje. Tun da ya miƙa katin shiga, nan Ngatijo ke wuni. Yakan zo bayan ya karya, ya zauna a ƙarshen benci, bayansa a jikin katanga. Direbobi su zo su ci su tafi. Ba ya shiga hirarsu. Yu Darmi takan ce tirenta ya samu aikin ofis ita tana nan tana wanke-wanke.

"Kai ma ka zama mulur, Pak Jo," ta ce masa. "Tafiyar mako guda ka ja ta kamar roba. Kofi ɗaya kuma tun safe, ka tsare mini benci."

"Ki ƙara ruwan zafi, Yu."

"Ruwan ma sai ya tsinke kafin ƙarfenka."

Makon jiya, da hantsi, aka ji ƙarar ƙarfe. Ngatijo ya miƙe, kofin ya kife a cinyarsa, ya zagaya har bakin ƙofa da silifa ɗaya. Mai gadi, wanda suka yi shekaru suna gaisawa, ya ce ba zai iya barinsa ya shiga ba kati ba, amma ya kira ciki. Aka ce nauyi na nan a rataye. Wani mai gwangwan ne ya sauke kaya a layin. Ngatijo ya dawo ya tarar Yu Darmi ta ajiye masa ɗayan silifan a kan benci, ba ta kuma tsokane shi ba ranar.

Retno takan kira bayan la'asar. Shekaranjiya ta gaya masa yaronta ya fara tafiya, yana bin bango har ƙofar ɗakin da aka gyara. Ta ce akwai jirgin ruwa ran Asabar. Ya ce ya ji.

"Baba, in ya ƙara shekara goma fa?"

"Ba zai kai ba."

"Wa ya ce?"

Ba wanda ya ce. Abin da gwajin yake nema ke nan. Ta tambaye shi ko yana shan maganin hawan jininsa, ya ce yana sha, suka yi sallama.

Jiya ya kwashe kayansa na kirki a kwali biyu, da zannuwan Sriatun da Retno ta daɗe tana tambaya, ya kai tashar jirgin ruwa ta Surabaya, ya rubuta sunan 'yarsa a jiki, ya ba da a kai mata. Ya bar wa kansa riga uku da butar shayi. Yau da safe ya zo rumfar kafin Yu Darmi ta gama hura wuta. Ya ja bencin ya matsar da shi ƙarƙashin ramin iskar da ke jikin katangar, inda ake jin gurnanin tanda, ya zauna.