Harawar Baffa Idi Ta Ƙare

Gaisuwa gare ku duka, manya da ƙanana, 'yan Lafiya ciki da waje, daga ni Ɗan'azumi mai mashin, wanda ya naɗa kansa sarkin raguna ba wanda ya hana. Yau dai sarkin ya gaji, ku yi haƙuri da rubutun.

Ina kan hanyar Assakio na ɗauko doya sai waya ta shigo. Terkula ne, manomin da gonarsa ke manne da rugar Baffa Idi a Kwandere. Ya ce, "Ɗan'azumi, faka mashin tukuna." Na faka. Ya ce, "Baffa ya tafi fa." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna bakin titi.

Baffa shi ya koya mini tumaki. Duk cika bakina a kasuwa, daga bakinsa na kwaso. Mutum ne da kafin ya amsa gaisuwarka da safe sai ya duba kashin tumakinsa, ya tsaya ya ga wacce ke tuƙa, wacce ta yi shiru. Ɓawon rogo ma ba ya ba su ɗanye, sai ya sha rana.

Ranar da na kawo wani ƙaton rago Balami daga arewa ina ta iyayi, ya zagaye shi ya ce, "Ɗan'azumi, wannan baƙo ne. Cikinsa bai san ciyawar Lafiya ba." Na ce, "Baffa, ragona ko ƙusa ya ci sai ta narke!" Ya ce, "To, sarki." Watan damina biyu, tumakin Baffa 'yan ƙasa suna ta sheƙi, nawa ya zama kamar an rataye riga. Baffa ya karɓe shi ya yi jinya, bai taɓa yi mini gori ba.

Abin da ya fi tsoro shi ne ruwan farko. Yakan ce, "Sabuwar ciyawa ruwa ce da ganye. Fara ba su busasshe, raɓa ta ɗauke, sannan ka sake su." In ba haka ba, zawo da kumburin ciki.

To a ruwan farkon ya rasu. Jinya ta hana shi tara harawa bana. Shekaranjiya matarsa Goggo Adama ta nuna mini rumfar, ta ce, "Ɗana, ka gani? Ko dami ɗaya babu. Tumakin kaɗai ya bar mini, uku kuma da ciki." Terkula ya kwaso ragowar ganyen gyaɗarsa, ya ƙare. Ni nake tsare su da safe, suna kuka suna kallon kore, ni ina kallon raɓa. Mashin ma na ajiye. Wallahi na gaji, amma ba zan buɗe su da ciki wayam ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya ba Goggo haƙuri, ya tsare mata abin da ya bari.

Kai kuma mai karatu, ka ce amin, na gode. Amma tunkiya ba ta tuƙa amin. Aiko mini da harawa, ta wake ko ta gyaɗa, ko dusa kwano ɗaya, har ciyawa ta yi ƙwari. Ka tambayi rugar Baffa Idi. Za ka same ni a bakin garke.