Ɗan canjin da na bar wa banki

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna kai ni kasuwar Nima su dawo da ni ban zauna a hanya ba, na buɗe asusu a wani banki don tara kuɗin Hajji. Ni mai koko da ƙosai ce a unguwar Maamobi, ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani shi ne mai susu, wato mai yawon karɓar ajiya: ka ba shi, ƙarshen wata ya cire nasa ya miƙo naka. Ran da ka daina zubi, ya daina cira. Na ɗauka banki ma mai susu ne da Allah ya ba gini.

Da kujerar Makka ta fito, na je kwasar kuɗina. Ma'aikacin ya ce, "Maame," wato mama, "duka?" Na ce a'a. Mu a gidanmu, in maƙwabciya ta aiko da abinci, ba a mayar da kwano wayam, ko goro ne a sa. Mutanen nan sun riƙe min amana, kullum na zo a ba ni wurin zama. Sai na tura masa ɗan canji na ce, "Wannan ku bar shi a ciki. Na gama, Allah ya saka." Ya yi murmushi. Ni sallama na yi. Ashe a wurinsu asusun bai rufu ba.

Na je na dawo. Ana nan, ana nan, shekaru suka shige. Sai babbar 'yata ta so ɗaukar firiza bashi a wani kanti don sayar da ruwan sanyi da sobolo, wato zoɓo, aka ce ta kawo mai tsaya mata. Wa zai tsaya wa 'ya in ba uwa ba? Muka je. Mai kanti ya danna na'urarsa, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Hajiya, ba zai yiwu ba. Sunanki yana cikin waɗanda suka ci bashin banki suka ƙi biya."

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin mutane ba.

A banki aka warware mana. Kowane wata suna cirar kuɗin riƙon asusu, da kuɗin katin da ban taɓa karɓa ba, da kuɗin saƙon waya, ni da ko sunana ba na karantawa. Da canjin ya ƙare suka ci gaba da rubutawa a kaina. Bashi ya haifi ruwa, ruwa ya yi jikoki. Daga nan suka aika sunana wani ofishi da ke tara sunayen masu taurin bashi.

Jama'a, ba firiza ce ta hana ni cin abinci ba. A Zango, in an shimfiɗe gawa, liman kan juya ya ce, "Akwai mai bin ta bashi?" Mai bi ya fito, a biya shi ko ya yafe. To banki ba ya zuwa jana'iza. Wa zai tashi ya ce ya yafe min? Duk sanda lasifikar masallaci ta yi shelar rasuwa, sai in ce saura ni, ga kaya a wuya.

Maƙwabciyata ta ce, "Haba Hajiya, bashi hanji ne, yana cikin kowa." Na ce, "Na kowa shi ya haɗiya. Nawa ɗura min aka yi."

Na ciro 'yan kunnena na zinariya zan sayar in biya in huta. 'Yata ta riƙe hannuna. "Mma, in kika biya, kin amsa kin ci ke nan. Sunan zai zauna, sai dai su ce ta biya daga baya. Gogewa muke so."

Ta rubuta musu koke. Muka shiga zirga-zirga a trotro, motar hayarmu, yau manaja ba ta nan, gobe na'ura ta tsaya. Sai da 'yata ta ce za ta kai ƙara ofishin da ke sa ido kan bankuna, sannan aka shigar da mu wurin manajar, wata mace mai gilashi, sa'ar 'yata.

Na ce, "'Yar nan, nuna min ranar da na zo na ce ku ranta min."

Ta ce sun turo saƙonnin gargaɗi. Na ce layin ya mutu tun ina Makka, kuma gidana bai tashi daga inda yake ba. Ta tambaya me ya sa na bar canji. Na faɗa mata zancen kwano. Ta ce, "Ei, Maame!" ta yi dariya, sai kuma ta cire gilashin.

Jiran da ya biyo baya ya fi zirga-zirgar ciwo. Amma ranar ta zo. Sun soke duk abin da suka ɗora, sun mayar da canjina, sun sa an cire sunan. Mai kanti ya duba ya ce fes.

'Yata ta yi murna, ni zuciyata ba ta kwanta ba. Takarda ba ta tashi ta yi magana a gaban liman. Na ɗauki ƙanena da mijin maƙwabciyata muka koma. Na ce wa manaja ina so ta faɗa da bakinta, ga shaidu. Ta dube mu, ta miƙe tsaye, ta haɗa 'yar Hausarta: "Hajiya, ba mu bin ki ko pesewa ɗaya."

Na ce wa maza biyun, "Kun ji?" Suka ce, "Mun ji."

Har yau abin da ke ba ni tsoro shi ne mutumin da bai taɓa gaishe ka ba ya iya ɓata maka suna kana zaune kana suyar ƙosai. Mijin maƙwabciyata ya rasu bara. Saura ƙanena. Kullum ina roƙon Allah ya ja kwanansa ya wuce nawa.